Lemon da Auta Ta Ɓoye

Tun da likita ya gaya wa Yaya tana da ciwon suga, ta riƙe dokar guje wa zaƙi kamar yadda take riƙe awon kaya: ba ragi, ba ƙari. Ta kwashe duk wani abu mai zaƙi daga gida, ta hana shi shiga shagon ɗinkin da suke aiki ita da ƙanwarta, Auta. Da safe takan haɗiye ƙwayar maganinta da shayi ba suga, ta fito. In ta ji jikinta ba daidai ba, sai ta ce suga ne ya hau, ta ƙara rage abinci.

Abin da ya lalace bakinta ne. Matar da a da ita ke lallashin masu kaya in sun zo da rigima, yanzu da hantsi ya ɗaga sai ta zama wata. Auta ce ke kusa, ita ke kwasa. Jiya ta faɗa mata maganar da ta sa yau Auta ta zo da ƙatuwar jaka.

Yaya na zaune a kan kekenta tana kallonta ta gefen ido. Auta ta naɗe wayar dutsen guga, ta sa a jaka. Ta ɗauki almakashinta da tef ɗinta.

"Ina zuwa haka?"

"Inda ba a zagina, Yaya. Mai shagon layin baya ta ce in zo."

Yaya ta so ta ce mata ta zauna su yi magana. Abin da ya fito daban. "Ki gaishe ta. Ki bar min allina."

Ta juya ga allura. Zaren ya ƙi shiga. Ta lashe bakinsa, ta sake kaiwa, ya wuce ta gefe. Sai ta lura ba zaren ba ne, yatsunta ne ke rawa. Fanka na kaɗawa, amma zufa mai sanyi ta jiƙa mata wuya. Ƙirjinta na bugawa kamar ta hau bene da gudu, ga wata irin yunwa da ba ta san kunya ba. Ramin allurar ya zama biyu.

Ta ajiye zaren. Jiya ma haka aka yi, da shekaranjiya: rawar hannu, zufa, sannan faɗa. Kullum kafin ta ci wani abu. Da ta ci abincin rana sai ta rasa abin da ya ɓata mata rai.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta yi mata bayani kashi biyu. Na farkon ta riƙe. Na biyun, cewa da wannan maganin suga kan sauka fiye da kima, kuma in ta ji rawar jiki ko zufa ko fushi ba dalili ta yi maza ta sha abu mai zaƙi, ta ɗauke shi kamar an ce wa mai tari ya sha ƙanƙara. Ta gyaɗa kai kawai don a sallame ta.

"Auta." Harshenta ya yi nauyi. "Ɗauko min na'urar gwajin sugan nan. Hannuna ba zai iya ba."

Auta ta tsaya a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa. Ta dubi fuskar yayarta, ta sauke jakar. Ita ta soke mata yatsa. Lambar da ta fito tana ƙasa da inda aka ce kada ta sauka.

"Akwai abu mai zaƙi a shagon nan?"

"Ke da kika kafa doka?"

"Auta."

Auta ta durƙusa, ta tura hannu cikin buhun ƙyallaye, ta zaro kwalbar lemo.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika kafa dokar. Sha, ki yi min faɗan daga baya."

Yaya ta riƙe kwalbar hannu biyu ta sha kusan rabi. A hankali zufar ta tsaya, ƙirjinta ya lafa. Auta ta sake gwada ta, lambar ta hau. Ta fita ta sayo burodi, ta tsaya a kanta sai da ta ci.

Yaya ta ɗauki zaren. Ya shige a karon farko.

"Gobe zan koma wajen likita," ta ce. "Ina shan magani ba na karyawa. Ni nake ja wa kaina."

"Mu kike ja wa." Auta ta zauna a kan benci. "To bari in tambaye ki. Da kika ce ɗinkina kamar da ido rufe nake yi, suga ne?"

"Suga ne."

"Da kika kori mai kawo ɗinkin labulen nan?"

"Shi ma."

"Jiya fa? Da kika ce don babu mai ɗaukata kika ajiye ni?"

Amsar tana nan a sauƙaƙe, ta ce suga ne, kuma Auta za ta iya karɓa. Yaya ta dubi ɗigon jinin da ya bushe a yatsanta.

"Suga ne ya buɗe bakin," ta ce. "Amma maganar ta daɗe a cikina. Kuma ba gaskiya ba ce. Rabin masu kawo kaya nan don hannunki suke zuwa, ni ce ban taɓa faɗa ba. Ki yafe min."

Auta ba ta ce ta yafe ba. Ta daɗe tana kallon jakarta. Sannan ta ciro dutsen guga, ta warware wayar, ta jona. Almakashin ta bar shi a ciki.

Kwalbar lemon kuma ba ta mai da ita buhu ba. Ta ɗora ta a kan teburin Yaya, kusa da zare, inda hannu zai kai.