Motar Suruki

Munzali tela ne a Kibiya, kuma ba sha'awa ce ta sa shi koyon tuƙi ba. Mahaifiyarsa, Inna Jumai, ciwon ƙoda ya kama ta, dole a riƙa kai ta Kano wankin ƙoda duk mako. A motar haya kuwa, kafin a cika a tashi, an matse ta tsakanin mutane da buhuna, ta riga ta galabaita. In sun dawo sai ta wuni kwance ba ta magana. Shi ya sa ya sayar da gonarsa ta Fammar, ya yanki lasisi, ya shiga neman ƙaramar mota ta hannu.

Taubashinsa Ƙasimu bakanike ne a Rano. Ya zaunar da shi ya yi masa bayani: kada fenti ya ruɗe shi, ya je da sassafe inji na sanyi, a tayar a gabansa, ya dubi hayaƙin salansa, ya murza baƙin mai a yatsa.

"Kuma ka kira ni," in ji Ƙasimu. "Kai da ko keken ɗinkinka ya tsaya sai ka nemo ni."

"Wanda ka gyara mini bara? Har yau da baya yake ɗinki."

Sun ga wata mota a Kano, tsohuwa, duk ta lotse, amma Ƙasimu ya ce injinta lafiya lau. Suka ce za su dawo Asabar.

Kafin Asabar labari ya kai kunnen Alhaji Baballe, mahaifin matarsa Saudat, ya aiko kiransa. Munzali ya tuɓe takalmi ya durƙusa a zaure, kansa a ƙasa.

"Na ji kana yawon neman mota a Kano, alhali ga tawa a ajiye," in ji Alhaji. "Bare ne zai fi ni tausayinka? Kawo abin da ke hannunka ka ɗauka."

"To, Baba. Allah ya ƙara girma."

Da suka fito an riga an wanke motar, an tayar da ita, inji ya ɗauki zafi. Munzali bai manta da komai cikin abin da Ƙasimu ya faɗa masa ba. Amma yaya mutum zai buɗe bonet ɗin motar surukinsa a gabansa, kamar mai tuhumar ɓarawo? Kiran bakanike kuwa ya fi muni. Ya zagaya ta kawai, ya ce, "Masha Allah." Wataƙila ma Alhaji bai san halin da take ciki ba, don ya daɗe bai hau ta ba.

Tafiyar farko Inna ta miƙe a kujerar baya, matashi a ƙarƙashin kanta, ta yi ta sa masa albarka har Kano. Mako na gaba, sun wuce Rano kaɗan, inji ya fara ƙwanƙwasa, hayaƙi ya turnuƙe, motar ta tsaya. Ranar ba a yi wankin ƙodar ba. A gindin kuka Inna ta zauna har aka samu mai mayar da su gida.

Ƙasimu ya zo ya duba. Wannan karon bai yi zolaya ba.

"Inji ya buga, sai sabo. An ɗura mata baƙin mai mai kauri ne don kar ta yi ƙara. Mayar masa da abarsa."

"Wa zan mayar wa? Kakan 'ya'yana?"

Saudat ta ce za ta je ta yi wa mahaifinta magana, ya hana ta. Da Alhaji ya gamu da shi bayan sallar Juma'a ya tambayi mota, sai ya sunkuya ya ce, "Lafiya lau, Baba."

Ranar komawa asibiti ya shiga ɗakin Inna da sassafe. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi da ƙyar.

"Inna, na yi magana da direba, kujerar gaba za a ba ki."

"Munzali, ba zan iya ba. Na gaji da hanyar nan. Ka yi iyakar ƙoƙarinka, Allah ya yi maka albarka."

Ya roƙa, ya sake roƙa. Ta juya ta fuskanci bango. Ya zauna a bakin gadon yana riƙe da mayafinta, har motar Kano ta cika ta tashi babu su.