Gudumar Honarabul Mijinyawa

An naɗa Honarabul Mijinyawa shugaban kwamitin ne saboda ba wanda ya san ɓangaren da yake. Shi ma bai sani ba, don yawancin zaman farko barci ya yi.

'Yan majalisa ne daga ƙasashe daban-daban suka taru a wani otal a Dubai. Sun haɗa gudummawar magunguna domin asibitocin Gaza, kwantena guda cike, tana ajiye a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Sharaɗin fitar da ita ɗaya ne: kwamiti ya amince da sanarwar da za ta raka ta. Wata Baturiya da mutanenta suka dage sai sanarwar ta fara da mamatan Isra'ila. Wani Balarabe da nasa suka rantse sai ta fara da na Falasɗinu. Kullum a ci dabino, a sha gahawa, a tashi baram-baram.

Murjanatu, 'yar Honarabul, a sito take aiki a Jebel Ali, kullum sai ta wuce ta gaban kwantenar. Ran nan ta kira shi yana karyawa.

“Abba, maganin nan ya kusa lalacewa. Idan wa'adinsa ya wuce, shi ke nan, zubarwa za a yi. Akwai na yara a ciki.”

“Ana kan tattaunawa.”

“Abba, ni na gaya wa abokan aikina ubana ne shugaba.”

Wannan maganar ta tsaya masa a rai. Kunya ta kama shi sosai.

Da aka zauna, ya sa aka karanta sanarwar da sakatariya ta gauraya, wadda ba ta yi wa kowa daɗi ba. Sai ya ɗauki guduma, ya yi yadda ya saba gani a majalisarsu ta gida.

“Masu goyon baya su ce e.”

Mutum biyu suka amsa, ɗayan ma tari ne.

“Masu adawa su ce a'a.”

Ɗakin ya ɗauka kamar ana rabon fili.

“Masu e sun yi rinjaye,” in ji Honarabul, ya buga guduma, ya fara tattara takardunsa.

Kada wani ya ce dabara ce. Na san mutumin, hannunsa ne kawai ya saba.

Baturiya ta miƙe tana ɗaga murya. Balarabe ya miƙe yana dukan tebur. Suka kalli juna, suka ga ashe abu ɗaya suke faɗa. Bayan azahar aka gan su a kujera ɗaya, kai da kai, suna rubuta ƙudurin tsige shi. Don kada duniya ta ce su suka hana marasa lafiya magani, suka ƙara layi ɗaya a ƙasa: a saki kwantenar yau, ba tare da wata sanarwa ba.

Aka ɗaga hannu aka ƙirga, yadda suke yi a ƙasashensu. Ba wanda ya ƙi.

Honarabul yana cikin tasi zuwa masaukinsa a Deira, Murjanatu ta sake kira.

“Abba, ta fita! Ina kallo aka ɗora ta a mota.” Sai ta ƙara da cewa, “Amma an ce sun cire ka.”

“Baki ɗaya,” ya ce. “Har ni na ɗaga hannu.”