Tokar Iya Sabuwa

Sau uku Rufa'i ya karanta takardar a bakin gonar gwaji, gumi yana bin wuyan rigarsa. Shi ne malamin gona na garin Sule Tankarkar, kuma gobe Hakimi zai tara manoma a nan don ya nuna musu aikin takin zamani. To, me zai nuna? Gero duk ya yi rawaya ya tsugune, sai kusurwa ɗaya ta gabas da ta yi kore shar. Da ita yake taƙama wata guda cur, har rahoto ya rubuta a kanta.

Ƙasar wurare biyun ya aika Zariya a auna, ga amsa ta zo. Shekara uku yana zuba farin takin salfa a jigawa, ƙasar ta yi tsami. Kusurwar gabas kuwa ba tsami, domin akwai toka a cikinta. Wai wa ya zuba?

Wayyo kunya! Shi da ya zauna a aji aka koya masa cewa ƙarafa irin su kalsiyam, in suka ƙone suka haɗu da iska, abin da suke bari yana kashe tsami, kuma tokar murhu cike take da shi. Ya haddace, ya ci jarrabawa, ya bar karatun a can.

Gonar da ke gabas ta Iya Sabuwa ce, tsohuwar da mijinta ya rasu shekarar fari. Bara, a gaban maza ranar kasuwa, ya ce mata ta daina mai da gona juji, zamanin toka ya wuce. Aka yi dariya. Shi ma ya yi, da ƙarfi kuwa.

Ya same ta a tsakar gida tana gyaran yakuwa. Ya durƙusa.

"Iya, barka da yamma."

"A'a, Malamin Gona ne? Lale. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi. Iya, kusurwar gonata ta wajenki..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta ajiye ƙwarya.

"Don Allah ka yi haƙuri, ɗan nan. Ni ce. Geron ne ya ba ni tausayi, kullum na wuce sai in gan shi kamar yaro mai ciwon shawara. Ragowar tokata ce nake watsa masa. Kada ka kai ni gaban Hakimi, wallahi na daina."

Da ma marinsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya sunkuyar da kai, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Iya, ya aka yi kika san tana magani?"

"Yo, miyar yakuwa in ta cika tsami me ake ɗiga mata, in ba ruwan toka ba? Ni dai na ga inda nake zubawa ya fi kyau, shi ke nan."

Rufa'i ya yi tunani. Zai iya tsayawa gobe a kusurwar nan ya ce aikin takinsa ne, tsohuwa ba za ta taɓa buɗe baki ba.

"Gaban Hakimin kuwa za ki, Iya," ya ce. "Gobe da hantsi. Ki cika ƙwarya da toka."

"Innalillahi! In ɗauki toka gaban maza?"

"A'a. Ni zan ɗauko miki, ta tsakiyar kasuwa."