Baban Ummi da Ruwa Mai Zurfi

A wurin ninƙaya na unguwarsu akwai igiya da ta raba ruwan yara da ruwan manya. Yaro ƙarami ba ya tsallaka ta sai da babba a tare da shi, babban kuma sai ya yi iyo daga wannan bango zuwa wancan a gaban mai gadin ruwa, sannan a ɗaura masa awarwaron roba kore a hannu. Ƙawayen Ummi duk iyayensu suna da koren. Ita kuwa duk Asabar tana tsaye a ruwan da bai wuce cinyarta ba, cikin jarirai masu kunzugu, tana kallon ƙawayenta suna sulalowa daga dogon bututu suna faɗawa cikin zurfi.

Maman Ummi ta iya iyo, amma cikinta ya tsufa, likita ya ce ta dakata. Saura Baban Ummi, wanda ruwan da ya sani a duniya na sha ne da na wanka da na alwala.

"Baba, kai me ya sa ba ka da kore?" Ummi ta tambaye shi a bas suna komawa gida, gashinta na ɗiga a wuyan riga.

"Ban nema ba ne."

"To ka nema mana."

Ya ce to. Ya faɗa ne kamar yadda yake cewa to idan an nuna masa kaya a wurin aiki. Tun da ya zo ƙasar nan lodi yake yi a wani babban sito, ya ɗauki kwali daga bakin mota ya jera a kan katako, ya sake dawowa. Abin da mutum biyu ke kamawa shi kaɗai yake sungumarsa. Ruwa kuma, a ganinsa, me zai gagara?

Ya shiga ajin manya na safiyar Lahadi. Ajin duk tsofaffin mata ne masu hular roba, sai shi ƙato guda a tsakiyarsu yana riƙe da bakin bango. Malamar wata 'yar siririya ce da usur a wuya, a gida ya sa mata suna Mai Usur. Ta koya masa bugun ƙafa, ta koya masa jan hannu, duk ya iya. Amma da ya saki bango, kafin ya yi nisa sai ƙirjinsa ya ɗauki zafi, ƙafafunsa su nutse, ya miƙe yana haki.

"Kana riƙe numfashi," in ji Mai Usur. "Fitar da shi a cikin ruwa."

Ya gyaɗa kai. Shi a ransa bai ga abin da yake riƙewa ba.

Da ya ga hannu da ƙafa sun zauna, ya je gwaji wata Asabar, Ummi da mamarta suna zaune a benci. Ya tura bango da ƙarfinsa duka, ruwa ya fantsama har kan mai gadi. Bai kai tsakiya ba ya shaƙe, ya kwankwaɗi ruwa, sai da aka miƙo masa doguwar sanda ya kama.

A bas suna komawa gida Maman Ummi ta ce, "Baban Ummi, ai da ka ce ƙishirwa kake ji da na zo maka da gora."

"Ki dai bari."

"Na bari. Amma ka rage wa mutane na wanka."

Ummi ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ba komai Baba, ruwan yara ma da daɗi." Wannan maganar ta fi ruwan da ya sha ɗaci.

Ranar Litinin a sito ya sunkuya zai ɗauki wani kwali mai nauyi, sai ya lura da abin da yake yi. Ya ja iska, ya rufe maƙogwaro, ya ɗaure ciki tamau, kumatu a kumbure, bai saki ba sai da ya dire kayan. Haka yake yi shekara da shekaru, haka ne ma ya sa bayansa bai taɓa ciwo ba. Ya tsaya da kwali na gaba a gabansa yana kallonsa. Ashe duk lokacin da ya shiga ruwa, jikinsa ɗauka yake an ba shi lodi, yana jiran inda zai dire kafin ya numfasa.

Da ya koma gida ya cika robar wanke-wanke da ruwa, ya ɗora a kan tebur ɗin kicin, ya tsoma fuska ya fara hurawa. Kumfa ta taso gurgur. Ya ɗago, ya ja iska, ya sake komawa.

Maman Ummi ta shigo da hannu a ƙugu. "Yau kuma wane magani aka ba ka?"

Ya ɗago fuska tana tsiyaya. "Karatu nake."

"A robar kwanukana?"

"Ki yi haƙuri, makarantar ba ta da wani ajin."

Haka ya riƙa yi kullum bayan ya dawo aiki. Ummi takan hau kujera ta zama malama, tana buga cokali a tebur, bugu ɗaya ya shiga, bugu ɗaya ya fito. Wata rana ya gwada fitar da numfashin a sito yana tsakiyar ɗaga kaya, bayansa ya ba shi amsa nan take, sai da ya wuni yana tafiya a karkace. Daga nan ya gane numfashi biyu zai riƙe, na sito daban, na ruwa daban, kuma kada ɗaya ya bi shi gidan ɗaya.

Mai Usur ta ce ya ƙara haƙuri kafin ya sake gwaji. Ya ƙara. Tsofaffin ajin har sun fara yi masa tafi idan ya kai tsakiya.

Ranar da ya koma gaban mai gadin ruwa bai tura bango da ƙarfi ba. Ya kwanta a ruwan a hankali, yana hura iska ta hanci, yana kallon baƙin layin da ke ƙasa. Ya wuce inda aka miƙo masa sanda wancan karon. Can ƙasa ta yi nisa, ruwan ya ƙara duhu, wani guntun ruwa ya shige masa hanci. Nan take maƙogwaronsa ya rufe, ciki ya ɗaure, ƙafafu suka fara sauka. Ya ji zafin nan yana tasowa a ƙirji. Da gangan, kamar mai buɗe ƙofar da ta cije, ya tura iskar waje. Kumfa ta wuce ta gefen kunnensa. Ya juya kai, ya samu iska rabi ruwa rabi, ya ci gaba.

Ya isa bangon a karkace, bayan ya ratsa layin wani dattijo da ya tsaya yana harararsa. Mai gadin ruwa ya girgiza kai yana murmushi, ya ce iyon ba kyau amma ya kai. Awarwaron ya yi wa hannunsa kaɗan, sai da aka ja shi da ƙyar ya shiga.

Ummi, da ke bakin ruwa tana kallo, ba ta jira an kira ta ba. Ta shigo ta ruwan yara, ta sunkuya ta ƙarƙashin igiyar, ya tare ta. Ya ja ta a hankali zuwa ciki. Da ƙafarta ta daina taɓa ƙasa sai ta maƙale masa a wuya, idanu a waje.

"Baba, babu ƙasa."

"Na sani, Ummina. Ni ma na neme ta ban samu ba."

Ƙawayenta suna can saman bututu suna ɗaga mata hannu. Ta dube su, ta dubi ruwan, ta ƙara ƙanƙame shi.

"Ko mu bari sai wata Asabar?" in ji ta.

"A'a, yau. Ki hau, ina nan a bakin bututun, kina faɗowa zan cafe ki."

"Ba za ka nutse ba?"

"Ba zan nutse ba."

Ya kai ta bakin bango, ya ɗaga ta ya dire a sama. Ta tafi tana taka matakala a hankali, tana waiwaye. Shi kuma ya saki bangon, ya nufi inda za ta faɗo.