Doña Herlinda a Ɗakin Matan Mashaya

Duk kasuwar Tlacolula babu wanda zai yarda in ka ce masa Doña Herlinda mai sayar da tamale, wato dafaffen ƙullin masara da ake naɗewa a ganye, tana shan giya. Mace ce mai kamun kai, ba ta fashin coci tun rasuwar mijinta. Amma 'yarta Nayeli ta sani, tun ranar da ta dawo daga aiki ta tarar hayaƙi ya turnuƙe kicin, tukunya ta ƙone ƙurmus, jaririyarta Citlali tana tsala ihu a ƙasa, kakar kuwa tana sharar barci a kujera tana warin giyar meskal.

"Mama, ba zan yi miki faɗa ba," in ji Nayeli. "Amma ba za ki sake taɓa yarinyar nan ba sai kin shiga taron masu daina sha."

To fa, neman taron shi ya zama aiki. Akwai ɗaya a bayan tasha, sai dai rabin mazan da ke ciki abokan cinikinta ne, kafin ta zauna labari ya gama kasuwa. Ta tambayi fada, limamin cocinsu, bawan Allah ya dafa kafaɗarta ya ce wane ɗan nata ne ya lalace, zai sa shi a addu'a. Ta bi kwatancen wani taron a bayan gari, ta tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofa, wai sun tashi. Ranar kam tsabar takaici sai da ta kurɓa a hanya.

Daga ƙarshe ta hau motar haya zuwa Ocotlán, inda ba a san fuskarta ba, da kwandonta a hannu kamar mai zuwa talla. Da la'asar ta sami wurin, wani shago cike da maza da hayaƙin sigari, ɗaya a tsaye gaban teburi yana ba da labarinsa. Wani dattijo mai gashin baki, Don Abundio, ya tare ta a ƙofa da fara'a.

"Sannu da zuwa, Mama. Maigida ne ko ɗa?"

"A'a, ai ni..."

"Haba, kada ki ji kunya. Duk nan mun sa mata kuka. Ɗakin iyalai yana baya, 'yan'uwanki suna ciki."

Kafin ta haɗa magana ya riga ya kai ta har bakin labule. Kai, mutum da kirkinsa ya hana ka numfashi! Ta zauna cikin matan, ta cika ta batse, aka miƙo mata gahawa da burodi.

Hira ake ta maɓoya. Wata ta ce nata mijin a tankin banɗaki yake ɓoye kwalba. Wata siririya da ake kira Comadre Ofelia ta yi tsaki ta ce, "Naki ai yana da kunya. Nawa a bayan hoton Budurwa Maryamu na kama ta, ɗan banza, ya sa Uwar Yesu gadi!" Aka kwashe da dariya. Herlinda ba ta yi ba. Duk wuraren nan ta san su, har da waɗanda ba su gano ba tukuna.

"Wallahi mashayi ba shi da zuciya," Ofelia ta ci gaba. "Ka bar ɗanka da yunwa saboda kwalba? Ai dabba ma ba ta yin haka." Sai ta juyo. "Ke fa, baiwar Allah, kin yi shiru. Naki ina yake ɓoyewa?"

Herlinda ta dubi kwandonta. Ta tuna ƙafafun Citlali, yadda take harba su in ana yi mata wanka. Da ta gyaɗa kai ta ƙirƙiro wani miji, da an rungume ta, ta koma gida da mutuncinta, hannunta kuma babu jika.

"A kwandon tamale," ta ce. "Ƙarƙashin ƙyalle."

Ta yaye ƙyallen ta zaro kwalbar. Matan suka zuba mata ido.

Herlinda ta miƙe ta bankaɗe labulen ta shiga cikin mazan. Don Abundio ya taso da sauri. "Mama, kin yi ɓatan kai, ai na ce..."

"Don Allah malam, rufe min baki haka nan!" Ta dangwarar da kwalbar a kan teburin har kofuna suka yi tsalle. "Mijina ya mutu bai san ɗanɗanon abin nan ba. Na zaga gari biyu kowa na nema min miji da ɗa. Tawa ce. Ni ke sha."

Dattijon ya cire hularsa a hankali. Mutumin da ke magana ya matsa gefe ya bar mata wurin.

Ta riƙe bakin teburin. Ba ta taɓa magana gaban maza haka ba, ba ta kuma san yadda ake farawa ba.

"Sunana Herlinda," ta ce. "Saura kaɗan in ƙone jikata da ranta. Ina so a bar ni in sake goya ta."