Wanda Bai Fito a Bidiyo Ba

Lokacin da wani ɗan bautar ƙasa ya kawo ƙwallon Amurka Funtua, dariya mutane suka yi ta yi. Ƙwallo ce mai kama da gwanda, da hannu ake jefa ta, kuma ba a kayar da kowa. Ƙyalle ake ɗaurawa a ƙugu, in an fizge maka shi, to an tsayar da kai. Ɗan bautar ƙasa ya gama shekararsa ya tafi, amma wasan ya zauna a filin bayan gidan gurzar auduga, ya kuma shiga ran Murtala, mai tuƙa Keke Napep, fiye da yadda mahaifiyarsa ta so.

Shi da Ayodeji ne ginshiƙan tsaron gida. Ayodeji ɗan Alhaji Raufu ne mai shagon kayan babur, haifaffen Funtua, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Aikinsa ya ruga ya fizge ƙyallen mai jifa kafin ya saki ƙwallo. Murtala kuwa manne wa wanda ake son jefa wa yake yi, ya hana shi sakat. Musu ba ya ƙarewa a tsakaninsu.

"In na kama mai jifa, wa zai jefa?" in ji Ayodeji.

"In ban toshe masa hanya ba, mutumina, kafin ka iso ƙwallo ta daɗe da tashi."

Sai ga labari cewa wata ƙungiya a Legas na neman mai tsaron gida guda ɗaya, a aika bidiyon wasa. Murtala ya kai bakin shekarun da suke ɗauka. In damar ta wuce shi bana, ta wuce ke nan, shi da keke har tsufa.

Aka haɗa wasa da 'yan Malumfashi. Murtala ya miƙa wa ƙanwarsa Raudatu waya, ya taimaka mata ta hau kan tarin buhuna, ya ce, "Ki ɗauki komai fa."

'Yan Malumfashi suna da Jibo, dogo, mai gudu kamar an koro shi. Ranar Murtala ya zame masa ƙarfen ƙafa. Mai jifa ya duba, ya ga ba hanya, ya riƙe ƙwallo, ya sake dubawa, sai kawai Ayodeji ya diro ya fizge ƙyalle. Haka aka yi ta yi har aka tashi. Ko sau ɗaya ba a yi gangancin jefa wa Jibo ba. Murtala bai taɓa wasa irin na ranar ba, kuma ya san haka.

Da suka taru a gindin darbejiya suka kunna bidiyon, sai dariyarsa ta fara ja da baya. Ga mai jifa, ga ƙwallo, ga Ayodeji yana shigowa kamar an harbo shi. Murtala fa? Sau ɗaya aka ga gwiwar hannunsa a gefe.

"Yaya, ai ƙwallo na bi," in ji Raudatu. "Na ɗauka inda ƙwallo take nan wasa yake."

Wa zai ga laifinta? Duk 'yan kallon filin abin da suka bi ke nan.

Aka aika bidiyon Legas, Ayodeji aka kira. Ya yi iya ƙoƙarinsa, a gaban Murtala ya buga wa mutumin ƙungiyar Legas waya yana ta bayanin aikin da Murtala ya yi har jijiyar wuyansa ta tashi. Mutumin ya ce su abin da suka gani suke ɗauka.

Murtala da kansa ya kai shi tasha a keke. Ayodeji ya sauke jaka, ya kasa ɗaga kai.

"Can wa zai riƙe mini su?" ya ce.

"Sai ka ƙara gudu," in ji Murtala. Ya so ya yi dariya, ta ƙi zuwa.

Bai ɗauki fasinja ba ranar. Ya koma gida ya zauna kan tabarma. Raudatu ta ajiye masa tuwo za ta sulale, ya ce ta zo ta zauna. Ya kunna bidiyon, ya tsayar da shi daidai inda mai jifan Malumfashi ya juya kai hagu, fuskarsa duk damuwa, ƙwallo maƙale a ƙirjinsa.

"Kin ga abin da yake kallo?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba.

Murtala ya ja yatsa daga idon mai jifa, ya bi ta kan wayar har ya wuce ƙarshen gilashinta, ya dire shi a kan tabarma.

"Nan nake," ya ce.