Abin da Azumi Ta Gani a Bayan Kubra

"To in na yi shiru, Yaya, ladan na wane ne?" in ji Azumi.

Malam Bappa, yayanta kuma limamin garin, bai ɗago daga gyaɗar da yake ɓarewa ba. "Naki mana. Shekara ashirin kina wanke gawar matan Kwandiko, yau ne za a koya miki? Abin da mai wanka ya gani a jikin mamaci, tare da mamacin ake binne shi."

Wata bakwai ke nan da ta wanke Kubra, matar Sabo mai injin niƙa. An ce zazzaɓi ne ya ɗauke ta. Amma da Azumi ta juya gawar, sai ta ga bayanta duk shatin bel, sabo a kan tsoho, haƙarƙari biyu sun lotsa. Ta ce wa mai zuba mata ruwa ta kau da kai. Ta wanke da ruwan magarya, ta naɗe likkafani, ta fito ta yi wa Sabo gaisuwa kamar kowa.

Yanzu ga goro da alewa an aiko daga Basirka. Ranar Juma'a za a ɗaura auren Sabo da Nasiha, ɗiyar aminiyar Azumi, bazawara mai koyar da ɗinki a can. Jiya Nasiha ta zo da kanta, fuskarta na haske kamar wadda ba ta taɓa kuka ba, tana cewa, "Inna, har waƙa yake min a waya!" Azumi ta kalli wannan dariyar, ta tuna da bayan Kubra.

"Ai ba aibin Kubra na rufe ba, Yaya. Me baiwar Allah ta yi? Aibin Sabo na naɗe a likkafani."

"Kin ga lokacin da ya doke ta?"

"Na ga inda ya doka."

"In faɗuwa ta yi fa?"

"Faɗuwa ba ta yin layi-layi."

Malam Bappa ya ture faifan gefe. "Saurara, Azumi. Ranar da kika buɗe baki, babu macen da za ta yarda ki taɓa gawar uwarta a garin nan. Kowa na da abin da ba ya so a gani. Kuma mutumin nan ba ya rasa sahun gaba. Shi ya yi wa masallacinmu rufin kwano."

"Da alama kwanon ya rufe har da bakin liman."

"Ni kike faɗa wa haka?"

Azumi ta dubi yayanta. Shi ya goya ta suna yara, shi ya koya mata niyyar wankan da kansa. Ta san kuma gaskiya ya faɗa: gobe za a ce Azumi mai tona asirin matattu ce, wataƙila ita kanta Nasiha ta ce baƙin ciki ake mata. Matan da suka zauna katanga ɗaya da Kubra, suka ji kukanta shekara da shekaru, su ne za su fara tsine mata.

Ta miƙe, ta yafa mayafinta.

"Ina kuma za ki da ranar nan?"

"Bakin titi, in hau acaɓa. Basirka za ni, Yaya. Zan faɗa wa Nasiha da bakina, ko ta yarda ko ta tsane ni. Kai kuma ka sanar bayan La'asar, su nemi wata mai wankan. Ni na daina."